Motar da Ta Je Rawayya Ba Inji

Jama'a, abin da zan ba ku ba a majalisa na ji shi ba, ba kuma wani ne ya turo mini a waya ba. Da ni ya faru, kuma wallahi ko gishiri ba zan ƙara masa ba. Wanda ya yarda shi ke nan, wanda bai yarda ba ma ba zan ga laifinsa ba, don ni kaina da wani ne ya zaunar da ni ya ba ni wannan labari, cewa zan yi ya je a duba shi.

Shekarun baya ne, tun ana bin hanyoyinmu na Zamfara ba tare da faɗuwar gaba ba, ina zaune a Tudun Wada cikin Gusau ina tuƙin haya. Ƙaramar bas gare ni, fara, tawa ta kaina. Na daɗe ina ja wa mutane motocinsu, sai da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, na sayar da rabona na gona a Wanke, na haɗa da ɗan abin da na tara na saye ta. Ban bi ta hannun dillalai ba, wajen wani kamfani na je mai shigo da motoci, saboda sun ce suna ba da garanti a kan inji, in ya sami matsala cikin shekara su ne da gyara. Yayana, Yaya Mamman, tun a lokacin ya ce mini wanda ya sayar da ƙasa ya sayi ƙarfe, tsatsa ya saya. Na ce ai akwai garanti. Ya ce to Allah ya ba garanti yawan rai.

Aikina ba mai wuya ba ne. Da sassafe in nufi Rawayya in kwaso matan Fulani masu tallar nono da ke fitowa daga rugagen gefen garin, in kawo su Gusau, da yamma in mai da su, a tsakani kuma in yi lodin Bungudu ko na Tsafe gwargwadon inda fasinja ya fi. Cikin matan nan akwai wata tsohuwa, Inna Dudu, ita ce kamar uwar tafiyar, kullum kujerar da ke bayana take zama da ƙwaryarta a cinya, kuma kullum ƙorafinta ɗaya ne, wai ƙarar motata da girgizarta suna tsinka mata nono kafin a isa kasuwa. Ni kuma in ce mata ta daina ƙara ruwa ta ga in zai tsinke. Haka muke kullum, ba ta gajiya ba na gajiya.

To ranar wata kasuwar Tsafe, cikin bazara, na yi lodi na juyo Gusau, ban yi nisa ba na ji wani ƙwas-ƙwas-ƙwas daga gaba, kafin in ɗage ƙafa sai gau! Hayaƙi ya turnuƙe, motar ta gangara gefen titi ta tsaya, na fito na ga baƙin mai yana bin kwalta. Duk direba ya san wannan ƙarar ko bai taɓa jin ta ba. Inji ya buga. Fasinjoji suka yi mini jaje suka tari wata motar, ni kuma na zauna gindin wata ƙirya har janwe ya zo ya ja mu zuwa garejin Lawali, bakaniken da ke duba mini ita. Lawali ya buɗe, ya leƙa, ya ga fistin ya fasa jikin injin ya fito waje, sai ya goge hannunsa ya ce, "Wanga ba gyara na ba, jana'iza ta."

Washegari na ɗauki takarduna na tafi kamfanin. Ofis mai sanyi, aka ba ni kujera, wani saurayi mai ladabi ya duba ya ce garantin ya ƙare, kuma wai bai ma daɗe da ƙarewa ba, kamar wannan zai sanyaya mini rai. Ya ce sai haƙuri. Haƙuri dai shi ne kayan da kowa ke rabawa kyauta. Na tambaye shi kuɗin sabon inji, da ya faɗa sai na ce masa ko da wata motar ake haɗawa a ba mutum? Bai yi dariya ba, ni ma ba don dariya na faɗa ba.

Lawali ya ce a bar maganar sabo, a nemi na hannu irin wanda ake kira ɗan Beljiyam. Shi ma da na ji farashinsa na san ba na bana ba ne. Aka cire mataccen injin aka jingine shi a kwanar gareji, aka jawo gangar jikin motar aka ajiye mini a ƙofar gida, gindin darbejiya. Ku riƙe wannan da kyau: ba inji a cikinta, ba batir, in ka ɗaga bonet ƙasa kake gani. Har wata kazar matata Asabe ta mai da ƙarƙashin wajen gidanta, ta yi ƙwai a ƙasa daidai inda inji ya kamata ya kasance, ta hau kwanci.

Daga nan rayuwa ta koma ta lallaɓawa. Da safe in je tasha in zauna, in wani direba ba shi da lafiya ko yana da suna a gida a ba ni motarsa in yi sawu ɗaya ko biyu, in ba a samu ba in dawo haka nan. Matan nono suka koma wata motar, ba laifinsu, nono ba ya jira. Yaya Mamman kuwa duk zuwan da zai yi Gusau sai ya tsaya ya kalli motar ya girgiza kai ya ce in sayar wa 'yan gwangwan, masu yanka mota su sayar da ita gunduwa-gunduwa, tun tana da sauran daraja. Na san gaskiya yake faɗa, amma motar nan ita ce gonar ubana da na mayar ƙarfe, in aka yanka ta ba gona ba mota, na koma yaron wani har tsufa. Abin yana ci mini rai ƙwarai, ko da yake ba na nunawa.

A lokacin ne na tsiri wata ɗabi'a. In na dawo daga sallar azahar, maimakon in shiga gida sai in buɗe motar in zauna kujerar direba, in ɗora hannuwa a kan sitiyari, iskar darbejiya tana shigowa, har barci ya kwashe ni. Kewar tuƙi nake yi, ba wani abu ba. Asabe tana yi mini tsiya wai in na isa in gaishe su.

Damina ta yi tsaka, na gaji, na ce wa Yaya Mamman ya turo mai sayen. Kafin ya zo na yi wa motar shara irin wadda ban taɓa yi mata ba, na ɗaga ledojin ƙasa, na zura hannu ƙarƙashin kowace kujera, abin da na samu ƙwallayen dabino ne da wani karyayyen mataji. Mutumin ya zo ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta kamar mai sayen kankana, ya yi tayin da in na faɗa muku za ku zage shi, na ce na ji, ya ce zai dawo da janwe mako mai zuwa.

Ranar Alhamis ɗin makon an yi ruwa da safe, rana ta fito da ƙarfi wajen azahar. Na shiga motar kamar kullum, na yi wani barci mai nauyi, ba mafarki ba komai, ban farka ba sai da ake kiran la'asar. Na tashi kafaɗuna suna ciwo kamar na je Sakkwato na dawo, gaban rigata kuma duk jan laka, ɗanye. Na duba na ce wataƙila wani abu na jingina da shi. Na shiga gida Asabe ta ce ta leƙo kirana cin abinci ba ta gan ni ba, na ce ina cikin mota, ta ce to, maganar ta wuce.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina zaune ƙofar gida sai ga Inna Dudu da ƙwaryarta a kai. Ba ta taɓa zuwa gidana ba, tambaya ta yi ta yi har aka nuna mata. Muka gaisa, ta sauke ƙwarya ta fito da kwalbar man shanu cike ta ajiye gabana.

Ta ce, "Direba, godiya niz zo yi. Allah shi yi ma albarka, shi raya ma zuri'a."

Na ce, "Amin, Inna. Godiyar mi?"

Ta ce, "Ji shi! Godiyar mi, wai." Sai ta shiga ba ni labari kamar mai tuna mini abin da na sani. Wai ranar Alhamis bayan azahar maciji ya sari ɗanta Jae a gona, magidanci ne mai iyali, suka ɗauko shi zuwa bakin hanya ita da matarsa, ruwa ya ɓata hanya, ba mota ba babur, ƙafa tana kumbura suna kallo. Ta ce, "Sai ga ka. Kai da kanka kaɗ ɗauke shi kas sa shi baya, kak kawo mu asibiti Gusau. Likita ya ce da mun ƙara daɗewa da sai dai wani labari."

Na ce, "Inna, ba ni na ba. Motag ga tun bazara ba ta tashi ba. Wata hwarar mota dai kunka gani."

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce ita za a gaya wa motar da take shiga kullum, ga tsagar gilashin nan ta gefe, ga kujerarta mai yagaggen baki. Ta ce ta lura tun ranar ban ce musu uffan ba, tun daga Rawayya har asibiti, kuma da ta juyo za ta yi godiya ta tarar na tafi, sai ta ce a ranta wannan ɗan halak ne, ba ya son a san alherinsa. A wajenta musun da nake yi kunya ce irin ta mutanen kirki, kuma ƙara mini daraja yake yi a idonta. Duk yadda na rantse sai ta ce, "Na sani, na sani, bari rantsuwa."

Sai ta tashi ta je ta shafa jikin motar ta ce, "Amma gyaran ga ya yi kyau, Direba. Ko ƙara ba ta yi. Ba girgiza, ba hayaƙi, iska kawai kake ji. Da haka take tun hwarko da nonona bai taɓa tsinkewa ba."

A nan ne na ji tsikar jikina ta tashi, ido na ganin ido, mutane suna wucewa.

Ta ce kuma ta zo karɓar faifanta, wanda ta riƙa yi wa Jae fifita da shi a hanya, ya faɗi ƙarƙashin kujerata ta manta shi. Na tashi na buɗe ƙofa don kawai ta gani da idonta a wuce wajen, na zura hannu inda na share da hannuna kwanaki kaɗan da suka wuce. Faifai na nan. Sabo, mai ado ja da kore, da shatin yatsu na jan laka a bakinsa. Na miƙa mata ta karɓa ta kaɗe shi ta rufe ƙwaryarta. Daidai lokacin kazar Asabe ta fito daga ƙarƙashin motar tana kyarkyara, Inna ta ce in riƙa korar ta kar ta ɓata mini inji. Ban ɗaga mata bonet ba. Me zan ce mata in ta ga ramin?

Tana tafiya na ɗaga da kaina. Wayam, ga ƙasa, ga ƙwai a jere. Na zagaya motar, ciyawar da ta tsiro ta kewaye tayoyin tana nan tsaye ba wadda ta kwanta, tayar baya ɗaya ma a sace take tun tuni. Na shiga gida na tambayi Asabe, ranar da ta leƙo ba ta gan ni ba, motar fa, tana nan? Ta ce, "Ni kai nike nema, ban kula da mota ba. Amma na ga kazata kwance bisa ƙwanta a hili tsamo-tsamo ba komi bisa kanta, har nic ce wace irin kaza ta wagga." Tana gama faɗa ita ma ta ji abin da ta faɗa, ta ajiye muciyar da ke hannunta ta ce, "Innalillahi."

Ban tsaya nan ba, washegari na hau motar haya na tafi Rawayya, na ce dubiya na zo. Aka kai ni rugar, na tarar da Jae zaune kan tabarma, ƙafa a ɗaure, mutumin da ban taɓa gani ba a rayuwata. Yana hango ni ya fara ƙoƙarin tashi. Na miƙa masa hannu ya riƙe da hannu biyu ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, "Yau hannunka da ɗumi. Ran nan da kaɗ ɗauke ni sanyi ƙalau, kamar randa." Na ce masa ai damina ce. Aka kawo mini fura na sha, na yi musu Allah ya ƙara sauƙi na dawo.

Na gaya wa limamin unguwarmu, ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah yana da rundunonin da ba wanda ya san su sai shi, in yi sadaka in rage ba da labarin. Na gaya wa Yaya Mamman, shi kuwa cewa ya yi wannan ma ƙarin dalili ne na a rabu da ita da wuri. Amma da mai sayen ya zo da janwensa na ce masa na fasa, ya yi ta faɗa wai na sa shi asarar mai, na ba shi haƙuri, irin wanda aka ba ni a kamfani. Kada ku ɗauka wani ƙarfin imani ne ya sa. Abu biyu ne. Na farko, motar da ta fita aiki ba inji, kunya ma ba za ta bar ni in miƙa ta a yanka ba. Na biyu, tsoro nake ji, in aka yanka ta aka raba ƙofa nan, sitiyari can, kujera a wata motar, ban san me zai riƙa yawo a gari ba.

Haka muka ci gaba da lallaɓawa har kaka. Asabe ta sayar da awakinta ba tare da na roƙe ta ba, ni kuma duk sawun da na samu a tasha in ware wani abu, Yaya Mamman da ya ga ba zan ji magana ba ya sayar da wani abu cikin waken suyarsa ya kawo, yana miƙo mini yana cewa wannan karon kar in sake in ambaci garanti a gabansa. Lawali ya samo ɗan Beljiyam daga Kano ya ɗaura. Injin yana ja, ba laifi, sai dai ƙara, in na tayar da ita a Tudun Wada sai maƙwabta sun san na fita.

Ranar da na koma ɗaukar matan nono, Inna Dudu ta shigo ta zauna a kujerarta, na ba mota wuta, ba mu yi nisa ba ta dafa kafaɗata ta ce, "Direba, wa ya taɓa ma motag ga? Ka koma wajen mai gyaran hwarko, wancan ya hi." Matan suka yi dariya, ni ma na yi, na ce mata mai wancan gyaran ya tashi daga gari.

Har Inna Dudu ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba ta san komai ba, kuma duk kaka sai Jae ya aiko mini da man shanu. Ina karɓa, don in na mayar ban san wa zan ce a kai wa ba.

Shawarata gare ku, musamman 'yan'uwana direbobi, in injinka ya buga kuma aka ce maka garanti ya ƙare, ka yi haƙuri ka bi a hankali, ana fita, ga ni na fita. Amma in ka ajiye mota a ƙofar gida ka bar ta ta huta, kar ka mai da ita ɗakin barci, balle ka ɗora hannu a kan sitiyari. Kar ka ce ai ka zare makulli, ni inji gaba ɗaya aka zare bai hana ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ba faifan ba ne, ba kuma kazar ba. Tun daga bazara har tsakiyar damina nake barcin nan a cikin motar, kusan kullum, kuma ba ranar Alhamis ɗin ce kaɗai na tashi kafaɗuna suna ciwo ba. Mutum ɗaya ce ta zo godiya. Shi ya sa har yau, in baƙo ya tsaya a tasha ya ƙura mini ido kamar ya san ni, ba na fara gaishe shi. Shiru nake yi in jira in ji ko godiya zai yi, ko kuwa tambayata zai yi ina na kai masa ɗan'uwa.